Gaba da gabanta: fashin baƙi kan finafinan Birtaniya da ɓarayi ke cin karo da mai gatari

Akwai wani fim na Birtaniya da ya fito a 2008 mai suna The Cottage, da shi zan buɗe maganar nan saboda kusan duk abun da zan faɗa a ƙasa yana cikinsa. Wa da ƙani ne, David da Peter, suka sace wata budurwa Tracey, agolar wani uban daba, suka kai ta wani ɗan gida can bayan gari suna jiran kuɗin fansa. To tun a daren farko komai ya fara kwaɓewa. Yarinyar da aka ɗaure ta fi su duka zafin kai da kaifin baki, ta yi wa Peter karo da ka ta fasa masa hanci, shi kuma Peter ɗin magidanci ne da bai san kan laifi ba, ga shi da tsoron irin malam-buɗe-littafin nan na dare masu bin fitila kamar ransa zai fita, sannan wanda aka aiko da jakar kuɗin, wanda da haɗin bakinsa aka shirya satar, da aka zuge jakar sai ga tishu cike a ciki. Kusan rabin fim ɗin kenan, kana ta dariyar wautar masu laifi. Sai kawai a faɗa gidan gonar da ke kusa, a tarar da wani manomi da injin gona ya lalata wa fuska yana tara kawunan mutane, daga nan kuma shebur da diga su karɓi fim ɗin har ƙarshe.

Da yawan waɗanda na sani in sun kalli irin wannan sai su ce an yi biyu babu, ba a bar su sun yi dariya sun more ba kuma ba a tsorata su yadda ya kamata ba. Ni kam ban yarda ba. Haɗin nan ba kwamacala ba ne, yana da tushe, yana da dalili, kuma abu ɗaya ne ke riƙe da shi, wanda Bahaushe ya riga ya faɗa tuntuni: gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Mutum ya fito da dare yana ganin shi ne abin tsoro a garin, ya rufe fuska, ya riƙe makami, ashe ya shiga gidan da shi ne ɗan tsako. Dariyar daga nan take fitowa, tsoron ma daga nan yake fitowa.

Bari mu ware kayan miyar tukunna. Na farko shi ne fim ɗin yanka, wanda Turawa ke kira silasha, wato makashi guda yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya da wuƙa ko adda ko gatari, ba bindiga ba, kuma kyamara ba ta kau da kai in jini ya ɓalle. Amurka ce ta mayar da shi kasuwa da Halloween a 1978 da Friday the 13th a 1980, kuma yawanci samari da 'yanmata ne 'yan makaranta ake bi. Na biyu fim ɗin ɓarayi, inda gungun mutane ke shirya sata ko fashi da tsari, sai tsarin ya wargaje. Na uku kuma barkwanci irin na Ingila, wanda ba na faɗuwa ƙasa da ihu ba ne, na jin kunya ne da ƙunƙuni da gardama kan ƙaramin abu a lokacin da babban abu ke cin wuta.

Yanzu ga inda ni nake ganin sirrin yake. Duk marubucin fim ɗin yanka yana fama da wasu tambayoyi da mai kallo ke jefo masa tun daga kan kujera. Me ya kai su dajin nan da tsakar dare? Me ya hana su kiran 'yan sanda? Me ya sa suke rarrabuwa maimakon su tsaya wuri ɗaya? Shi ya sa kullum za ka ga an ce waya ba sabis, ko mota ta ƙi tashi, ko wata yarinya ta ji motsi ta sauka ƙasa ita kaɗai da tocila, har ka ji haushi ya kama ka. To da zarar ka mayar da mutanen masu laifi duk tambayoyin nan sun amsa kansu. Sun je dajin ne don ɓuya suke. Ba za su kira 'yan sanda ba don akwai yarinya a ɗaure a sama ko jakar kuɗin banki a but. Suna rarrabuwa don ba wanda ya yarda da wani, kowa na tsoron a gudu da kasonsa. Ko an buɗe musu ƙofa ma ba za su gudu ba tunda kuɗin na ciki. Kaga kenan laifin ba ado ba ne aka liƙa wa labarin, shi ne kejin da ya kulle su da makashin. Sannan akwai ta huɗu wadda ba a cika faɗa ba: da wane ido zan yi dariya alhali ana sare wa mutum yatsun ƙafa? In ɗalibar da ba ta ci ba ba ta sha ba ce, dariyar ba za ta fito ba, amma in wanda ya zo cutar wani ne, zuciya na ba ka ɗan izini, tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Wanda ya fara nuna wa duniya wannan juyin a fili ma Ba'ingile ne, ko da yake a Amurka ya yi aikin. Alfred Hitchcock, haifaffen gabashin Landan a 1899, fim ɗinsa Psycho na 1960 ai labarin sata ne a farko, sakatariya ta gudu da dala 40,000 na wurin aikinta, kana biye da ita kana tunanin ko za a kama ta, sai ta sauka a masaukin da bai kamata ta sauka ba. A shekarar dai Michael Powell ya saki Peeping Tom a Ingila, na wani mai ɗaukar hoto da ke kashe mata yana naɗar fuskokinsu, masu sharhi suka yi masa ca har sana'arsa ta durƙushe a ƙasar. Amurkawa sun sake gwada juyin a From Dusk Till Dawn na 1996, 'yan fashi sun tsere Meziko sun faɗa mashayar masu shan jini. Amma lura da bambancin, ɗan fashin Amurka a fim gwani ne, ya iya harbi, ya iya magana, in dodo ya fito sai ya zama jarumi. Na Ingila kuwa ko ɗaure igiya bai iya ba, in dodo ya fito gardama zai ci gaba da yi da ɗan'uwansa kan waye ya manta bai yi cajin waya ba.

Wannan ɓarawon maras sa'a tsohon ɗan gida ne a sinimar Ingila, kuma kakansu a wurina shi ne The Ladykillers na 1955 daga kamfanin Ealing. Mutum biyar ne, ogansu Alec Guinness, har da Peter Sellers yana matashi, suka kama haya a gidan wata tsohuwa kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross, suka ce mata su makaɗa ne suna atisaye, sai su kunna faifai a ɗaki ta ɗauka su ke kiɗan alhali fashin motar kuɗi suke tsarawa. Fashin ya yi nasara lafiya lau. Matsalar ita ce tsohuwar ta gano, kuma ta tsaya kai da fata sai an mayar da kuɗin mutane. Suka yanke shawarar kashe ta, aka yi ƙuri'a, amma ba wanda ya iya ɗaga mata hannu, sai suka koma kashe juna ɗaya bayan ɗaya ana jefa gawa a taragon jirgin da ke wucewa ta bayan gidan. Ba digon jini ko ɗaya a fim ɗin, amma ka duba ƙashin bayansa: gida guda, gungun masu laifi, ana raguwa ɗaya-ɗaya, kuma abin da ya gama da su shi ne wanda suka raina. In ka cire tsohuwar ka sa manomi mai gatari, ka samu The Cottage.

Kuma ba daga sama marubutan suka tsinto wannan hali ba, tarihin laifin ƙasar ne ya ba su. A watan Agustan 1963 aka tare jirgin ƙasa mai ɗauke da wasiƙu daga Glasgow zuwa Landan aka kwashe fam miliyan 2.6, aikin ya tafi daidai, suka ɓuya a wani gidan gona, suka zauna suna wasan Monopoly, kuma shatin yatsun da suka bari a gidan har da kan kayan wasan na cikin abun da ya tona musu asiri. A 2015 lokacin hutun Ista wasu dattawa, yawancinsu 'yan sittin da saba'in, suka huda katangar kankare a wata ma'ajiyar gwala-gwalai da ke Hatton Garden a Landan suka ɗebi kaya na kusan fam miliyan 14, jagoransu ɗan shekara 76 a bas ya zo wurin. Al'ummar da ta tashi da irin waɗannan labaran dole ta riƙa kallon ɗan fashi a matsayin maƙwabci mai kuskure, ba wani aljani ba.

Wanda ya fi dacewa da maganarmu ma ya girmi waɗannan nesa ba kusa ba. A Edinbara ta Sikotland, wani ɗan haya ya mutu a gidan William Hare ana bin sa bashin fam 4 na haya, sai Hare da abokinsa William Burke suka kai gawar wurin likita Robert Knox mai koyar da fiɗa, aka ba su fam 7 da sule 10. Da suka ga akwai kasuwa sai suka daina jiran mutuwa, cikin 1828 suka kashe mutum 16 suna sayarwa. Hare ya ba da shaida a kan abokinsa ya tsira, aka rataye Burke a Janairun 1829, aka feɗe gawarsa a gaban jama'a, ƙwarangwal ɗinsa har yau yana gidan adana kayan tarihi na sashen koyon fiɗa a jami'ar Edinbara, kuma badaƙalar na cikin abun da ya jawo dokar 1832 kan samar wa makarantun likitanci gawa. An mayar da labarin fim ɗin barkwanci a 2010 da Simon Pegg da Andy Serkis, Serkis ɗin da ya fito a David a The Cottage. Abun lura a nan shi ne kisan bai fito daga hauka ba, daga bashin haya ya fito. Gawa a matsayin haja, gawa a matsayin kaya mai nauyi da dole a san yadda za a sauko da ita daga bene ba tare da maƙwabta sun ji ba, wannan tunanin ya ratsa finafinan nan gaba ɗaya.

Shi ne kuma cikin Shallow Grave na 1994, fim ɗin Danny Boyle na farko. Abokai uku masu zaman gida ɗaya a Edinbara, likita da akanta da ɗan jarida, sabon ɗan hayarsu ya mutu ya bar akwati maƙare da kuɗi, suka ce a riƙe kuɗin a ɓatar da gawar, aka ja ƙuri'ar wanda zai yanke hannuwa da ƙafafu, ta faɗa kan akantan wanda ya fi kowa sanyi, kuma daga daren nan bai ƙara zama daidai ba. Bayan shekara huɗu Guy Ritchie ya zo da Lock, Stock and Two Smoking Barrels a 1998 sannan Snatch a 2000, ya cika kasuwa da ƙananan 'yan daban Landan masu surutu da laƙabi da bashin da ya fi ƙarfinsu. A Snatch ne Alan Ford ya fito a uban daban da ke ciyar da aladu da gawar mutane. Wato zuwa 2000 ɓangaren ɓarayin ya riga ya nuna, har ya fara leƙa mahauta.

Ɓangaren jinin ne ya makara, kuma doka ce ta makarar da shi. Farkon shekarun 1980 da bidiyon kaset ya shiga gidaje, finafinan yanka na Amurka da Italiya suka cika shagunan haya ba tare da tacewa ba, jaridu da 'yan gwagwarmayar tarbiyya irin su Mary Whitehouse suka tayar da ƙura, ofishin mai gabatar da ƙara ya fitar da jerin finafinan da jimillarsu ta kai 72, aka yi nasarar gurfanar da 39 a kotu, sannan majalisa ta yi dokar 1984 da ta wajabta wa kowane kaset bi ta hannun hukumar tace finafinai ta BBFC. The Texas Chain Saw Massacre na 1974 sai a 1999 hukumar ta ba shi takarda. To yaran da suka tashi a wannan zamanin suna musayar kaset ɗin da aka hana a ɓoye, su ne suka girma suka zama daraktoci da marubuta a shekarun 2000. Sun san finafinan yanka ciki da bai, suna ƙaunarsu, amma sun san ba za su iya yin irin na Amurka da fuska a murtuke ba, ba su da sansanin hutun ɗalibai a bakin tafki, abun da suke da shi ƙauye ne mai ruwan sama da mashaya guda. Sai suka shigo da shi ta ƙofar barkwanci. Akwai riba ma a nan, don hukumar na duba yanayin da aka nuna tashin hankali a ciki, jinin da aka zubar cikin raha bai kai nauyin wanda aka zubar don azabtarwa ba, shi ya sa Shaun of the Dead da Hot Fuzz duk suka samu lambar 'yan shekara 15 duk da abun da ke cikinsu, The Cottage kuwa da ya zurfafa sai da ya sha 18.

Shaun of the Dead na Edgar Wright a 2004 ba fim ɗin ɓarayi ba ne, na gawarwaki masu tafiya ne, amma shi ya buɗe bakin aljihun masu zuba jari, an kashe masa wajen dala miliyan 6 ya dawo da wajen miliyan 30. Daga nan kowa ya gane lissafin, irin fim ɗin nan ba ya cin kuɗi, gida ɗaya, daji ɗaya, 'yan wasa shida ko bakwai, dare, jinin bogi da ƙafar roba. Severance ya fito a 2006, ma'aikatan kamfanin sayar da makamai sun tafi yawon ƙarfafa zumunci a dajin Hangari sai makaman da suke ci da su suka dawo kansu. Botched a 2007, ɓarawon da aikinsa ya lalace aka tura shi Mosko ya sato wani tsohon gicciye don ya biya bashin ogansa, lif ta tsaya da shi da mutanen da ya yi garkuwa da su a hawa na 13 inda wani mai iƙirarin jinin sarki Ivan na Rasha ke jira. Ba duka ne suka yi kyau ba, Botched ɗin ma a ganina ihunsa ya fi dabararsa yawa.

Wani abu da mai kallo daga waje zai iya tsallakewa shi ne maganar bindiga. Bayan kisan makarantar Dunblane ta Sikotland a Maris 1996, inda aka kashe yara 16 da malamarsu, Birtaniya ta haramta wa farar hula mallakar ƙananan bindigogi a 1997, kuma yawancin 'yan sandan Ingila ma ba sa yawo da bindiga. Wannan ya shafi labari kai tsaye. A fim ɗin Amurka sai an nemo dalilin da ya sa ba a harbe makashin ba tun a minti na ashirin, a na Ingila kuwa samun bindigar ma kansa labari ne, in an samu tsohuwa ce ta farauta, harsashi biyu, kuma wanda ke riƙe da ita bai taɓa harbi ba. Sai faɗan ya koma na abun da hannu ya kai, sandar kurket, shebur, almakashin gyaran shuka, tukunya. Faɗa da kayan gida kuwa dole ya zo kusa da jiki, dole ya yi muni, kuma dole ya ba da dariya don ba wanda ya ƙware.

Dariya da firgita kuma, in ka zauna ka yi tunani, injinsu ɗaya ne. Dukkansu ana ja maka rai ne, a sa ka jira, sannan a sake ka a inda ba ka zata ba. Bambancin daƙiƙa ɗaya ko biyu ne wurin yanka hoto. Misalin da na fi so yana cikin Cockneys vs Zombies na 2012, inda wasu 'yan'uwa biyu da 'yar'uwarsu suka shirya fashin banki don su ceci gidan kula da tsofaffin da kakansu ke zaune daga masu rusau, suna fitowa daga bankin suka tarar gabashin Landan ya cika da gawarwaki masu tafiya. Akwai fitowar da Richard Briers, dattijo tukuf, yake gudun ceton rai da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, gawarwakin na biye da shi, shi yana ja a hankali su ma suna ja a hankali, an sa kiɗan tsere kamar ana gudun mota. Wallahi kana dariya ne amma ƙirjinka na bugawa, don da gaske kake so tsohon ya kai ƙofa. Kakan kuma Alan Ford ne, mai aladun Snatch, wanda duk ɗan Ingila na ganin fuskarsa ya san an ɗauko duniyar Guy Ritchie ne aka jefa ta cikin ta dodanni da gangan.

Sai maganar aji da gari da ƙauye, wadda ita ce ke ƙarƙashin komai a Ingila. Ɓarayin nan kusan kullum talakawan birni ne, ana ganewa daga karin harshensu, na gabashin Landan ko na Liverpool irin na Tracey, kuma suna shiga ƙauye da raini, su a ganinsu sun fi kowa wayo. Hot Fuzz na 2007 ya juya abun ta ɗaya gefen, kuma wanda bai kalla ba ya yi haƙuri zan fasa ƙwai. Ɗan sandan Landan ne da ƙwazonsa ya dami manyansa aka tura shi wani ƙauye mai suna Sandford da ba a taɓa jin laifi ba, sai mutane suka fara mutuwa ana cewa hatsari ne, an cire kawunan wasu, an jefo wa ɗan jarida tsinin ginin coci a ka, mai kisan sanye da baƙar alkyabba kamar kowane fim ɗin yanka. Ɗan sandan ya zauna ya haɗa lissafi mai kyau na cinikin fili da kuɗi, irin dalilin da fim ɗin masu laifi ke bayarwa. Ashe ba haka ba ne, dattawan kwamitin unguwa ne gaba ɗaya, har da shugaban 'yan sandan garin, suke kashe duk wanda zai ɓata musu damar cin gasar ƙauyen da ya fi kowanne kyau. A garin Wells da ke Somerset aka ɗauki fim ɗin, garin da Edgar Wright ya tashi. Sightseers na Ben Wheatley a 2012 ya bi wannan layin, saurayi da budurwa suna yawon buɗe ido da motar nan mai ɗaki da ake ja, suna ziyartar gidan tarihin taragon lantarki da na fensir, kisan farko kuma a kan yar da takardar askirim a ƙasa ya samo asali. A waɗannan finafinan ladabi da son tsari su ne ke riƙe da wuƙar, kuma wannan sukar gida ce da ba wanda zai iya yi sai ɗan gida.

Ba zan ɓoye inda abun ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. Na ɗaya, wasu daraktocin na raba fim ɗin gida biyu kamar an ɗinka riga da yadi daban-daban, rabin farko surutu rabin ƙarshe yanka, ba abun da ya haɗa su. Mai kyau shi ne wanda halin da ya ba ka dariya a farko shi zai jawo mutuwa a ƙarshe, kwaɗayi ko tsoro ko taurin kai. Abun da ya ceci The Cottage kenan a wurina, rigimar wa da ƙanin nan kan gidan mahaifiyarsu da ta rasu ba ta tsaya ba har cikin jini, kuma a lokacin da suka fara tausayin juna ne ka gane ka damu da su. Na biyu, yawan mayar da mai nakasa ko mai tabo a fuska ko ɗan ƙauye dodo, wannan lalaci ne na rubutu kuma yana da illa ga mutanen gaske masu irin wannan lalura. Na uku, akwai tarin finafinan da suka biyo baya masu arha waɗanda ba komai cikinsu sai zagi da tsiraici da wulaƙanta mata, sun ɗauki jinin sun bar basirar.

Akwai kuma abun da ya shafe mu mu da muke kallo daga nan. Garkuwa da mutane don kuɗin fansa a wurin ɗan Ingila abu ne na nesa, shi ya sa zai iya gina barkwanci a kai hankali kwance. A Zamfara ko Katsina ko Kaduna kuwa kalmar kuɗin fansa ba ta wasa ba ce, akwai gidajen da aka sayar da gona da shanu aka kai, wasu ma ba su ga nasu ba. Don haka in wani ya ce shi ba zai iya dariya da rabin farkon The Cottage ba, ina ganin yana da gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma ba sai an ce masa ai fim ne ba. Barkwancin baƙin ciki yana buƙatar tazara tsakanin mai kallo da masifar, su ma Ingilishin ai sun fi sakin jiki da Burke da Hare ne don an kusa shekara 200.

Wani cikas ɗin shi ne harshe, rabin dariyar na cikin karin magana da yadda mutum ke cewa yi haƙuri alhali ƙafarsa na cikin tarko, kuma wannan ba ya tsallake fassara cikin sauƙi. Wanda ke son ya ɗanɗana salon ba tare da wannan matsalar ba, akwai shirin talbijin na BBC mai suna Inside No. 9 da Reece Shearsmith, wato Peter na The Cottage, ya rubuta tare da Steve Pemberton daga 2014 zuwa 2024, kowane kashi labarinsa daban a cikin rabin awa. Kashi na biyu a zangon farko, A Quiet Night In, ɓarayi biyu ne suka shiga gidan wani attajiri satar zane alhali masu gidan na ciki suna rigimarsu, kuma kusan ba a furta kalma ba daga farko har ƙarshe, sai sanɗa da ɓuya bayan kujera da gawar da ba a shirya mata ba.